Gasaya a Cikin Leda

Shekara talatin da ɗaya Nyanchama ta yi tana sayar da gasaya a kasuwar Keumbu, kuma ba a haifi wanda zai ce ta taɓa miƙa masa kashi ba gyara ba. Ka sayi kashi ɗaya, sai ta dumbuzo wani ta ɗora, ta danna da tafin hannu, sannan ta dube ka ido cikin ido don ka san da wa kake ciniki. Haka ta ga uwarta tana yi. A nan ƙasar Kisii macen da ke sayar da ganye ba gyara, zancenta sai ya riga ta isa coci ranar Asabar.

To, sai wani babban kanti na birnin Nakuru, irin mai hawa biyu da keken zuba kaya, ya aiko yana neman gasaya kullum. Nyanchama ce shugabar ƙungiyar mata ashirin da uku, kuma ita ta bi su gida-gida tana lallashi har suka yarda. Wasu suka rage gonar wake. Mokeira, gwauruwar da ke bayan rafi, ta tumɓuke masararta kakaf ta shuka gasaya, don kawai Nyanchama ta dafa ƙirji ta ce ba za su yi nadama ba.

Kantin ya kafa musu rumfa da teburin ƙarfe da sikeli, ya kawo hulunan rufe gashi da farantan roba marasa nauyi da leda mai ƙananan huji. Wani malami ya kwana biyu yana koya musu: kwatan kilo a kowane faranti, a zuba sakwa-sakwa, kar a danna, a rufe, a manna takarda. Mata suka ce sun ji. Motarsa ba ta gama ɓacewa a kwana ba Nyanchama ta ɗauki faranti ɗaya ta girgiza shi kusa da kunnenta. Ganyen ya yi motsi a ciki kamar ba shi da abokin zama.

"Wannan ai iska za mu sayar wa mutane," in ji ta.

Bochaberi, ƙawarta tun suna 'yan mata, ita ce aka damƙa wa sikeli. Ta ce, "An ce kwatan kilo, Nyanchama."

"An ce. Sunan wa ke jikin takardar? Sunan malamin ne, ko Matan Keumbu aka rubuta? Mutum ya ɗauka a Nakuru ya ce matan Keumbu sun koyi rowa? Ke auna abinki. In kin gama aunawa ki miƙo mana."

Haka aka yi ta yi. Bochaberi ta auna, mata su dumbuza su ƙara, su danna da tafin hannu har leda ta yi tim kamar kumatun mai cin rogo. Kowace safiya mota mai firji ta kwashe, Nyanchama ta bi ta da kallo tana jin daɗin ranta.

Sati uku cif aka yi, sai waya ta shigo. Cherotich ce, manajar sashen ganye da 'ya'yan itace na kantin, yarinya ce mai magana a tsanake. Ta ce kayan suna ruɓewa tun kafin azahar, wanda bai ruɓe ba kuma masu saye suna dawo da shi wai ɗaci. Ta ce kayan Alhamis su ne na ƙarshe. Daga Litinin za a ba wata gonar kamfani kantar da ake jera gasayar, su jera kabeji.

Da yamma Mokeira ta zo har ƙofar gida da fartanya a kafaɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta ce, "Yaya, in tumɓuke ne? In na yi sauri ko wake zan samu kafin ruwa ya ɗauke."

"Ki ba ni lokaci zuwa Juma'a," in ji Nyanchama.

Ranar Alhamis da sassafe ta shiga gaban motar kayan, Bochaberi a gefenta. Ta riƙo tsarabar 'yarta Gesare da ke aure a Nakuru: ƙaton ƙunshin alayyafo a naɗe da ganyen ayaba, gorar madara mai kauri, da garin tamba. Tun daga Keroka har Kericho tana jera laifin mutanen kanti. Firjinsu ne ya yi sanyi da yawa. Ledarsu ce ba ta da kyau. Yaran birni ne ba su san hannun ganye ba. Bochaberi ta zuba wa gonakin shayi ido.

Cherotich ta tarbe su a ɗakin baya inda ake sauke kaya, sanye da farar riga da hula. Ta gaishe su da hannu biyu, ta jawo musu kujeru. Nyanchama ta ƙi zama.

"'Yata, ganyen da na tsinka da hannuna ba ya ruɓewa a yini ɗaya. Ki nuna mini firjin nan naku."

"Zan nuna miki, Mama. Amma fara taɓa wannan tukuna."

Ta ɗauko faranti ɗaya cikin waɗanda aka sauke yanzu, ta yage ledar. Nyanchama ta cusa yatsu a tsakiyar ganyen. Gefe da sanyi, tsakiya kuwa da ɗumi, irin ɗumin ƙasan kaza mai kwanci. Cherotich ta buɗe na jiya. Wannan tsakiyarsa ta yi baƙi, tana yauƙi, warinta ya sa Bochaberi ta ja da baya. Sai yarinyar ta ɗora wani a kan sikeli. Allura ta wuce kwatan kilo, ta yi ta tafiya, ba ta tsaya ba sai dab da rabi.

"Ganye yana numfashi ko bayan an tsinke shi, Mama. Hujin nan don shi aka yi su. In aka danna, ganyen ya toshe hujin, ya dafa kansa da kansa. Na zaci sikelinku ne ya lalace, har na rubuta a aika muku da sabo."

"Sikeli lafiyarsa ƙalau," in ji Bochaberi. "Mai sikelin ma lafiyarta ƙalau. Akwai dai wata hajiyar kyauta a garinmu..."

"Ya isa, Bochaberi."

Abin da ya fi ƙona ran Nyanchama shi ne ta san wannan. Ita da ba ta taɓa barin gasaya ta kwana a buhu ba, ita da ke baza ta a kan ganyen ayaba ta yayyafa ruwa, ita da ke zagin yaran mota in sun zauna a kan kayanta. Ta sani sarai, amma da ta ga leda sai ta ɗauka wata duniya ce dabam, inda ganye ba ya jin zafi. Kunya ta rufe ta har wuya. Ta tuna Mokeira da fartanyarta, sai ta nemi kujerar nan da ta ƙi ta zauna.

"Ni ce," ta ce. "Ba sikeli ba ne, ba firji ba ne. Ni na sa a ƙara. Gyara ne, 'yata. Ban iya sayar da abu ba gyara ba."

Cherotich ta buɗe baki za ta yi magana, sai hayaniya ta taso daga cikin kanti. Wani mutum ne dogo da rigar ofis, idanunsa jajur don rashin barci, riƙe da kwanon abinci mai murfi, yana cewa sai ya ga manaja. Da suka fito, Nyanchama na jin yadda yake lanƙwasa harshe ta san ɗan gida ne. Ta yi masa magana da yaren Kisii, ya juyo da sauri kamar an kira shi daga ɗakin uwarsa. Sunansa Onsongo. Matarsa ta haihu kwana biyar da suka wuce, uwarsa kuma tana can ƙauye da ciwon ƙafa, ta bugo waya ta ce ko me zai yi ya nemo wa mai jego gasaya, ita ce ke mayar da jini ta kawo nono. Duk ɗan Kisii ya san wannan. Abin da bai sani ba shi ne dahuwa.

"Sau biyu ina saye, Mama. Na farko na tarar da shi a ruɓe. Na biyu na tsince mai kyau na dafa yadda aka rubuta. Ta kai loma ɗaya ta tofar, ta fashe da kuka, wai ina so in kashe ta in auri 'yar ofishinmu."

Nyanchama ta buɗe kwanon. Ganyen kore shar, yana ƙyallin mai, ko laushi bai yi ba. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Yadda aka rubuta a ina?"

Ya nuna mata takardar da ke manne a kan leda. Sati uku tana manna takardar nan da hannunta, sunan Matan Keumbu kawai take dubawa, sauran Turanci ne da ƙananan haruffa. Ta ce a fassara mata. Cherotich ta karanta, muryarta na raguwa: a zuba ɗan mai a kasko, a soya minti uku, a ci da zafinsa.

"Minti nawa?"

"Uku, Mama."

"Gasaya? Minti uku?" Nyanchama ta miƙe tsaye sosai, sai ga ta ta dawo Nyanchamar kasuwar Keumbu. "Ko akuya aka ba wannan sai ta kai ƙara wurin mai gari! Wane marar uwa ne ya rubuta?"

"Daga babban ofis ake bugowa. Takarda ɗaya ce ga duk ganye."

"To, ni na ɗauki nawa laifin a gaban ƙawata, wadda za ta yi ta yi mini gori har kabari. Wannan kuma na wa?"

Cherotich ta ce, "Namu ne." Ba ƙaramin abu ba ne manaja ta faɗi haka a gaban ma'aikatanta, kuma daga wannan lokacin Nyanchama ta ji yarinyar ta kwanta mata a rai.

"Ki ba ni tukunya da wuta da yinin yau. Kin ce kayan yau ne na ƙarshe, to nawa ne har yamma."

Akwai wani tebur a bakin ƙofa inda 'yan matan kamfani kan tsaya suna ba mutane ɗanɗanon biskit. Nan aka kafa mata ƙaramar tukunyar gas. Kafin a kunna, ita da Bochaberi suka sa huluna suka farke kayan ranar gaba ɗaya, suka sake zubawa a sabbin farantai, kwatan kilo, sakwa-sakwa. Duk sanda hannun Nyanchama ya nufi tulin ganye da niyyar ƙari, sai Bochaberi ta ɗaka masa duka da bayan cokali. Sau huɗu ana haka. Rarar da aka cire ta cika babbar roba, kuma ita ce ta shiga tukunya.

"Kai, angon ƙarni, zo nan ka tsaya. Naɗe hannun riga," in ji Nyanchama.

Ta sa Onsongo ya tsinke ganyen daga kara da yatsa, ta ce wuƙa ba ta da aiki a nan. Aka wanke sau uku. Ta zuba ruwa kaɗan, iya wanda zai leƙo ta ƙarƙashin ganye, da gishiri, ta rufe.

"Yanzu sai me, Mama?"

"Yanzu sai ka jira. Ka iya jiran wata tara, awa ɗaya ba za ta kashe ka ba."

Ƙarshen wata ne, albashi ya shiga, kanti ya cika. Mutane suka fara rage tafiya suna leƙe. Wata mata mai gilashi da keke cike da kaya ta ce ita ta ji ana zubar da ruwan farko don ɗacin ya fita.

"Masu zubarwa suna zubarwa, 'yar'uwa. Ni ba na zubarwa, amfanin yana cikin ruwan. Ɗaci ba korarsa ake yi ba, abokin zama ake nemo masa."

Ta kwance tsarabar Gesare, ta dumbuzo alayyafo ta zuba a kan gasayar da ta riga ta yi laushi ta koma kore mai duhu. A wani kaskon ta soya albasa har ta yi ja, ta sa tumatir ya narke, ta juye ganyen a ciki. Sannan ta cire marfin gora ta tsiyaya madara a hankali tana juyawa, ta rage wuta. A gefe Bochaberi ta tuƙa tuwon tamba tana mita, wai an kawo ta Nakuru yawon buɗe ido an mayar da ita kuku.

Ƙamshin ya bi layin sabulu, ya wuce na shinkafa, ya hau bene wurin masu sayen talabijin. Wani tsoho mai sanda ya sauko yana tambaya wa ya zo daga gida.

Onsongo aka fara ba. Ya gutsuri tuwo ya dangwala ya kai baki. Ya sake kai na biyu, sai ya juya wa mutane baya yana goge ido da gefen hannu, ƙato da shi.

"Kuka kake yi ko yaji ne?" in ji Bochaberi. "Don ba mu sa barkono ba."

Aka kwashe da dariya, har shi. Nyanchama ta wanke kwanonsa ta cika shi taf, ta danna da bayan ludayi, don wannan dai ba leda ba ce. Ta ce ya hau acaɓa ya kai wa mai jego tun da zafi, in ya rage gobe a ɗumama a ƙara madara, gasayar kwana ta fi ta yau daɗi.

Daga nan layi ya kafu. Kowa ya ɗanɗana sai ya nufi kantar gasayar. Matar nan mai gilashi ta ɗauki faranti biyu, ta dawo tana tambaya ina za ta samu alayyafon, kuma nawa za ta zuba. Nyanchama ta dubi sauran tsarabar 'yarta, ta dubi farantin da ke hannun matar. Ta yagi zare daga ɓawon ayabar da aka ɗaure ƙunshin da shi, ta dumbuzi alayyafo cikin hannu ɗaya, ta ɗaure shi a bayan ledar ta waje, nesa da hujin.

"Ga shi. Daidai na faranti ɗaya ke nan."

Yarinyar da ke kan na'urar biya ta ɗaga hannu ta kira manaja, ta ce wannan ƙullin ba ya cikin na'ura, ba ta san me za ta buga ba.

"Kar ki buga komai," in ji Nyanchama daga inda take. "Ba na sayarwa ba ne. Gyara ne."

Duk aka juya ana kallon Cherotich. Ta ɗauki farantin ta jujjuya shi, ta duba hujin, ta ɗaga ƙullin ta sake shi. Ta ce wa yarinyar, "Buga gasayar kawai." Sannan ta karɓi cokali ta ɗanɗana abin da ke tukunya. Ta ce kakarta takan dafa irin wannan a Bomet, ita kuwa tana yarinya gudu take yi, ashe wauta ce.

Kafin ƙarfe uku kantar gasayar ta zama wayam, alayyafon Gesare ya ƙare, gora ta koma fanko. Ana cikin kankare tukunya sai ga Onsongo ya dawo a guje, ya miƙa wa Nyanchama waya. Muryar mace ce a gajiye, jariri na kuka a bayanta. Ta ce, "Mama, ban san ki ba, amma na cinye. Akwai saura?" Nyanchama ta yi dariya har da riƙe ciki, daɗi ya cika ta irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Cherotich ta shiga ofis ta daɗe tana waya. Ana hango ta ta gilashi tana nuna kantar da ba komai a kai, kamar wanda ke can babban ofis yana ganinta. Da ta fito, takarda da biro ne a hannunta.

"Kabeji ya nemi wani wurin. Litinin ina son ninki biyu, kowanne da ƙullinsa. Yanzu faɗa mini yadda ake dafawa in rubuta, da Swahili da Turanci, za a buga muku taku takardar dabam."

Nyanchama ta gyara zama ta fara. Da aka zo wurin lokaci, Cherotich ta tambaya minti nawa za ta sa.

"Rubuta: sai ya yi laushi."

"Mama, mutanen birni sai da lamba."

"To rubuta awa ɗaya. Ki ƙara da cewa mai sauri ya sayi kabeji."

An buga awa ɗayan. Maganar kabejin ce babban ofis ya cire, abin da har yau Nyanchama ba ta yafe musu ba.

A gidan Gesare suka sauka, suka miƙa mata gora ba madara da ganyen ayaba ba alayyafo. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin tsaraba irin wannan ba. Bochaberi ta ce ta gode wa Allah da aka dawo mata da gorar.

Ranar Juma'a da hantsi matatu, ƙaramar motar haya, ta sauke su a bakin hanya. Matan duk suna rumfa, ba wadda ta tafi gona. Nyanchama ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗa musu da bakinta cewa hannunta ne ya kusa kashe su, Bochaberi na gefe tana ƙara gishiri a duk inda ta ga an rage. Da ta kai ga ninki biyu, guɗa ta tashi har karnukan maƙwabta suka amsa.

Mokeira ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Tana tsaye a bakin rumfa da fartanyarta, kamar ba ta yarda da kunnenta ba.

"Yaya, ke nan in ajiye fartanyar?"

"Wa ya ce ki ajiye?" in ji Nyanchama. Ta taka har inda take, ta kama hannunta ta riƙe gam. "Gasayarki ko ganye ɗaya kar ki taɓa. Ki je bakin rafi ki yi mana fangali biyu na alayyafo. Gyaran mutanen Nakuru daga gonarki zai fito."